Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Malam Nu'uman a ƙofar masallacin unguwarsu, shekara biyu ke nan, abu biyu suka rage masa a duniya: hannun hagu da kalmar "to". Hankalinsa garau yake, bai manta komai ba. Sai dai duk maganar da ya shirya a zuci, komai tsawonta, da ta iso baki sai ta fito "to". Za ka sha kunu? To. A rufe taga? To. A ce wa baƙi kana barci? To. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana magana yara na shiru, yau ga shi kowa na magana a madadinsa, kuma a tashi a ce ai ya yarda.

A gidan babban ɗansa, Alhaji Zulkifilu, yake zaune cikin birnin Daura, a ɗakin da ke bayan zaure. Ba za a ce ba a kula da shi ba, kular ce ma ta yi yawa. Ba ya fita sai asibiti, asibitin ma a mota, gilashi a rufe. Autarsa Hussaina ce ta yi dabara ta ajiye masa littafi da biro a gefen hagu, ya koma koyon rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Layi guda kan ci masa minti biyar, kuma da wani yaro ne ya kawo masa irin wannan rubutu a da, da ya sha bulala.

Wata ranar Asabar da hantsi sai ga Alhaji Maliki Maiturare, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibansa, ƙamshi na gaba yana biye. Ya zo da albishir: Malam ya cika tamanin, za a yi masa taro. Gaskiyar magana, ba wanda ya san ranar da aka haifi Malam. Mahaifiyarsa dai ta ce shekarar fara ce, magatakardan makaranta kuma ya rubuta ɗaya ga Janairu, ranar da aka haifi rabin 'yan fanshon ƙasar nan. To amma in masu hali suka ce ka cika tamanin, ai ka cika. Kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a ba mai son a ji ya shirya bikin ranar haihuwa, don haka aka raɗa masa suna walimar godiya ga Allah. Ba kiɗa, ba roƙo, rumfar maza daban, ta mata daban.

"A makarantar da ka fara koyarwa za mu yi, Malam," in ji Alhaji Maliki. "Kukar Laraba, can ƙasar Sandamu, kwana uku bayan Babbar Sallah. Na je na gano wurin. Darbejiyar da ka dasa tana nan. Kai, har Mati mai karkataccen hannu yana nan da ranshi, shi ne ma maigadin makarantar, ya fi shekara ashirin yana yi."

Malam ya zabura har biro ya faɗi ƙasa. Ya ce, "To! To!"

"Ka ji ko, Alhaji," Maliki ya ce da Zulkifilu. "Malam ya yi murna."

Ba murna ba ce. Sunan ne ya soke shi.

A shekarun da Malam ya fara aiki, yana saurayi mai ji da wandon kaki, ba ɗan ƙauyen da ke da takardar haihuwa. In za a ɗauki 'yan aji ɗaya, sai a jera yara a ce kowa ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa makaranta. Wanda bai kai ba, sai baɗi. Lokacin kuwa boko ba abin so ba ne, har cikin rumbu ake ɓoye yara, sai mai gari ya tura an zaƙulo su suna kuka. A cikin wannan hali yaro ɗaya ne tak ya kawo kansa da ƙafarsa, ya wanke fuska, ya shiga layi: Mati ɗan Ɗantsoho.

Mati ya taɓa faɗowa daga kan jaki, maɗori ya ɗora hannun ya kama a karkace, gwiwar hannun ba ta miƙewa. Da layi ya zo kansa ya ɗaga damar, ta tsaya a tsakiyar kai ta ƙi gaba. Kafin Malam ya yi magana yaron ya yi wuf ya ɗaga hagu, ya cafke kunnen dama har da rara, yana dariya. Haƙoransa na gaba sun riga sun fita sun sake tsirowa, ko makaho ya shafa ya san yaron ya isa.

Malam ya kai wa hannun duka da rula. "Hagu? Ni za ka ɗaga wa hagu? A gidanku ba a koya maka ladabi ba? Je ka, sai baɗi."

Yara suka kwashe da dariya. Baɗi Mati ya dawo, hannun bai ƙara ko ɗan yatsa ba, aka sake cewa baɗi. Shekara ta uku ya zo ya fi kowa a layin tsawo, sai Malam ya ce ai yanzu kuma ya wuce aji ɗaya. Daga nan ya kan gan shi a bakin taga da igiyar akuya a hannu, yana bin bakin yara in suna karatu, har aka ɗauke Malam aka mai da shi Baure, daga can Mashi, daga can Daura. Yana da hujjarsa: takardar ofis dama ta ce. Da wannan hujja ya yi barci lafiya shekara hamsin.

Sai ranar da aka sallamo shi daga asibiti, Hussaina ta ajiye masa tuwo, ya aika wa dama saƙo ta ƙi amsawa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya sa hagu ya gutsura. Loma ba ta kai baki ba fuskar yaron nan ta faɗo masa, da dariyarsa da sababbin haƙoransa. Tun daga ranar kullum sau uku yake tuna Mati. Ga kuma rediyo a gefen gado, malamai na ta nanatawa cewa Allah na yafe laifin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin bawa sai bawan ya yafe da bakinsa. Malam yana tsoron ya mutu da wannan kaya a kansa, tsoro na gaske, irin mai hana abinci wucewa.

Sau biyu yana rubuta wa Zulkifilu, "Ku kai ni Kukar Laraba." Sau biyun amsa ɗaya ce: "Baba, likita ya hana tafiya. Kuma wa ka ajiye a can? Ka bari ka ƙara jin sauƙi, ko?" Bakinsa ya ce to. Bai ma san ko Mati na raye ba. Yanzu ga shi an ce yana nan, kuma da mota za a kai shi har inda yake. Rana ɗaya aka ba shi, ya kuma san ba za a sake ba.

Ranar walima tun da safe aka naɗe shi cikin babbar riga ta sabuwar shadda, mai nauyi da ƙarar sitaci, aka kafa masa hula. Littafinsa da biro Hussaina ta jefa a jakarta. Da suka isa, ƙarti biyu suka ɗauke shi cak suka dasa a wata kujerar kushin mai zurfi a tsakiyar manyan baƙi. Kekensa na guragu kuwa aka naɗe aka mayar bayan mota, wai zai ɓata hoto. Hussaina ta yi rumfar mata, can bayan igiyar da 'yan agaji suka ja. Ita kaɗai ce ke gane nufinsa in ya motsa, ga ta nan da littafin, tsakaninsu taku arba'in, amma daidai yake da tana Kano.

Aka fara gaisuwa. Tsofaffin ɗalibai suka yi layi, alƙalai da daraktoci da 'yan kasuwa, wasu da furfurar da ta fi tasa. Duk wanda ya iso sai Malam ya miƙa masa hagu, shi kuma ya yi kamar bai gani ba, ya sunkuya ya lalubo matacciyar damar daga cikin riga, ya girgiza ta da hannu biyu, ya mayar ya ajiye a hankali. Ladabi suke yi, shi ya koya musu. Hannun da ke da rai ya yi ta tsayawa a iska har ya gaji ya sauka kan cinya.

Bayan karatun Alƙur'ani aka shiga jawabai. Malam bai ji rabinsu ba, idonsa na can yana bin filin makarantar. Can ya hango shi. A gindin darbejiya, kusa da tsohon ƙarfen taya da ake bugawa a madadin ƙararrawa, wani dattijo siriri yana nuna wa masu babura inda za su ajiye. Da hagu yake nunin. Damar na lanƙwashe a ƙirjinsa yadda Malam ya san ta.

Malam ya ɗaga hannu ya nuna shi. "To. To."

Zulkifilu, da ke zaune a gefensa, ya buɗe robar ruwa ya kai masa baki. Malam ya kawar da kai ya sake nunawa. Zulkifilu ya sa aka juyo fanka. Malam ya nuna karo na uku, ɗan ya raɗa masa, "Baba, bayan gida ne? Ka daure kaɗan, an kusa."

Lokacin Alhaji Maliki ke riƙe da lasifika, ya kai inda murya ke rawa. "Jama'a, wannan bawan Allah, a zamanin da iyayenmu ke ɓoye mu a rumbu, shi ya bi gida gida ya fito da mu. Ni shaida ne, Malam Nu'uman bai taɓa mayar da yaro gida ba!"

Malam ya tattara duk ƙarfin da ke ƙirjinsa don ya ce ƙarya ne. Abin da ya fito, da ƙarfi har lasifika ta ɗauka, shi ne, "To!"

Wuri ya ɗauki kabbara. Malam ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya yunƙura ya tashi, kushin ya riƙe shi, rigar ta danne shi, ƙafar dama ko motsi. Ga masu rabon abinci har sun fara sauke kuloli daga mota. Ya san tsarin, shi ma ya sha shirya taro: a ci, a yi addu'a, a ɗauke shi a sa a mota kafin la'asar. Mati kuwa maigadi ne, ba zai taɓa tsallako igiya ya shigo cikin manya ba sai an kira shi, kuma a duk filin nan ba wanda ya san akwai dalilin kiran nasa.

Sai Malam ya yi abin da ya rage masa. Ya ɗaga hannun hagu a hankali, hannun riga na zamewa, ya ɗora shi bisa kai. Hula ta tuntsure ta faɗi. Ya ci gaba da miƙawa har yatsunsa suka kamo kunnen dama, ya riƙe gam, idonsa kyam a gindin darbejiya.

Sai wani tsohon alƙali ya fashe da dariya. "Wallahi Malam bai manta ba! Gwajin shiga aji ɗaya!" Nan da nan rumfa ta kaure. Manyan mutane suka yi ta ɗora hannu bisa hula suna kamo kunne, masu tumbi na nishi, mai hoto na ta ɗauka. Har daga rumfar mata ana jiyo dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mati ya tsaya cak, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jingine sandarsa a jikin darbejiya ya taho. A bakin igiya wani ɗan agaji ya tare shi, Alhaji Maliki ya ce ta lasifika, cikin raha, "Ku bar shi ya gaida Malam, Mati ne, na gida ne."

Ya tuɓe takalmansa a gefen darduma, ya zo ya durƙusa. Kusa da kusa Malam ya ga haƙoran nan na gaba babu su, sun sake fita.

"Ranka shi daɗe, Malam. Ashe ka gane ni."

"To," in ji Malam, ya saki kunnen ya miƙa hannu.

Mati bai lalubi dama ba, shi ma ba shi da wadda zai miƙa. Ya sa hagunsa ya kama ta Malam, tafinsa kaushi kamar bayan itace. Duk yinin nan sai yanzu wani ya gaisa da shi.

Amma gaisuwa ba ita ta kawo Malam ba. Ya buɗe baki, ya rufe, ya san abin da zai fito. Ya waiga, ga takardar tsarin taro a kan tebur da hotonsa a gaba, ga biro a aljihun Zulkifilu. Ya fizgo biron, ya kife takardar a kan cinya ya fara rubutu a bayanta. Takarda na zamewa, sai Mati ya sa hannu ya danne masa gefe. Jama'a suka koma kan shinkafa da nama. Gumi na ɗiga daga haɓar Malam, ya yi layi uku, kowane harafi da kokawa:

Mati ka isa tun shekarar farko.
Ni na hana ka.
Ka yafe mani.

Ya tura masa. Mati ya karɓa da girmamawa, ya duba, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ɗago yana ɗan murmushi, ba gori a muryarsa ko kaɗan.

"Malam, ai ka san ban yi boko ba."

Da mari aka yi wa Malam da ya fi sauƙi. Shekara biyu yana shirya wannan magana, bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Hanya ɗaya ta rage masa ta yin magana a duniya, kuma shi da kansa ya toshe ta da rula tun Mati na ɗan shekara bakwai.

Mati ya miƙa wa Zulkifilu. "Alhaji, taimaka mani, me Malam ya ce?"

Zulkifilu ya karanta. Malam na kallon fuskarsa, ya ga lokacin da ta canza. Ɗan ya dubi mai hoto, ya dubi Alhaji Maliki da ya matso da lasifika yana jiran a ji saƙon Malam, ya dubi alƙalai da daraktoci. Ba mugu ba ne Zulkifilu. Ɗa ne da ke ganin aikinsa ya rufa wa ubansa asiri, ko uban na so ko ba ya so.

"Baba ya ce ya gode," in ji shi. "Ya ce Allah shi yi albarka, yadda kake kula da makaranta."

"Amin, amin," jama'a suka amsa da baki cike.

"To!" Malam ya ce, yana dukan hannun kujera. "To! To!" Hawaye suka zubo masa, wani a baya ya ce Allah sarki, tsufa, farin ciki ne.

Zulkifilu ya ninke takardar zai sa aljihu. Mati bai tashi daga durƙuson ba. Ya dubi Malam, ya dubi hawayen, sannan ya miƙa hagunsa, tafi a buɗe.

"Alhaji, ai ni aka ba."

"Takardar taro ce, Mati, bari a ba ka sabuwa mai tsabta."

"A'a, wannan ɗin dai. Ban taɓa samun rubutun malami ba, sai yau." Hannun bai sauka ba. Idon mutane ya fara dawowa kansu, dole Zulkifilu ya saki.

Mati ya cire hularsa, ya shimfiɗa takardar a ciki, ya mayar ya danna. Ya matso kusa da kunnen Malam ya rage murya. "Ina da jika, Zinariya, tana aji biyar a nan. Da hannuna na kawo ta, ba wanda ya gwada ta. Karatu take kamar ruwa. In na koma gida zan sa ta karanta mani, a tsanake."

Kafin Malam ya ce ko da to ɗin ne, liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Ƙartin nan biyu suka dawo suka ɗauke shi cak. Ya waiga yana neman Mati, manyan riguna sun rufe shi.

A mota aka sa shi baya, Hussaina a gefensa tana gyara masa hula, gilashi a rufe. Lissafi yake ta yi. Yau Zinariya za ta karanta, wannan ya tabbata. Amma in Mati ya yafe, wa zai kawo masa labari? In ya hau mota ya zo Daura, wa zai bar maigadin ƙauye ya wuce zaure, a gidan da ake ce wa baƙi Malam na barci? In kuma ya ji abin da ke ciki ya ƙi yafewa, ai yana da gaskiya. Ko wanne ne, Malam ya san mai yiwuwa ba zai taɓa ji ba.

Da suka zo fita, Mati ne ya buɗe musu ƙofar makaranta. Motocin manya na wucewa da gudu, iskarsu na kaɗa masa riga, shi kuwa ya ɗora hagu bisa kai ya danne hular da kyau. Malam ya bi shi da kallo har wuyansa ya ƙi juyawa.

Sun hau kwalta Zulkifilu ya waigo daga gaba, fuska a sake, kamar wanda ya sauke kaya.

"Alhamdu lillahi. Baba, taro ya yi kyau, ko?"

Kalmar ta taso da kanta, ta zo har bakin leɓe. Malam Nu'uman ya sa hannun hagu ya toshe bakinsa, bai cire ba har suka shiga Daura.